Yadda ake shimfiɗa daitayol mai zoben benzin a kan zinariya

Tayol suna ne na duk sinadarin da ke ɗauke da salfa, wato farar wuta, manne da haidirojin, abin da ake rubutawa SH. Wanda ya taɓa jin warin gas lokacin da tukunyar girki ke yoyo ya riga ya san danginsa, don wani tayol ake zuba wa gas ɗin saboda hanci ya kama shi da wuri. Abin da ya jawo hankalin masu bincike gare shi kuwa shi ne yadda salfa ke riƙe zinariya. In ka tsoma zinariya mai tsabta cikin ruwan da aka narka tayol, salfar takan saki haidirojin ɗinta ta damƙe zinariyar, ƙwayoyin sinadarin su yi ta jeruwa da kansu har su rufe fuskar ƙarfen da shimfiɗa falle ɗaya, mai kaurin ƙwaya guda tak. Ita ce masana ke taƙaita sunanta da SAM. Ralph Nuzzo da David Allara ne suka fara bayyana ta a 1983 a cibiyar Bell Labs da ke Amurka, sannan rukunin George Whitesides na Jami'ar Harvard ya daidaita hanyar yin ta a ƙarshen shekarun 1980.

Daitayol shi kai biyu gare shi, SH a wannan gefe, SH a wancan, kuma wanda muke magana a kai yana da zoben benzin a tsakiya, wato zoben kabon shida. Manufar amfani da shi ita ce kai ɗaya ya kama zinariya, ɗayan ya kalli sama yana jiran abin da za a ɗora masa: ƙwayar zinariya, wani ƙarfe, ko waya ta biyu. Zoben benzin ɗin yana da tauri, kuma elektiron na ratsa shi cikin sauƙi fiye da yadda yake ratsa sarƙar kabon zalla. Saboda haka ne a 1997 Mark Reed na Jami'ar Yale da James Tour da abokan aikinsu suka zaɓi wannan sinadari, suka katse siririyar wayar zinariya, suka bar shi ya zama gada tsakanin ɓangarorin biyu, suka auna wutar da ke bi ta cikinsa.

Sai dai kan nan na biyu shi ne wahalar aikin gaba ɗaya. Tayol mai kai ɗaya ko ɗalibin da ya shigo ɗakin gwaji jiya zai iya shimfiɗa shi ya yi kyau. Daitayol kuwa hanyoyi uku yake bi ya ɓata maka aiki. Zai iya kwanciya, kawunan biyu duk su kama zinariya, kamar geron da iska ta kwantar a gona, ka rasa abin da zai kama komai a sama. Zai iya haɗuwa da oksijin, kan wannan ƙwaya ya ɗaure da kan waccan su zama daisalfaid, wato S–S, sai falle ɗaya ya koma biyu, uku, har tuli. Kuma in oksijin da haske suka daɗe a kansa, salfar takan koma salfonet, wadda ba ta kama zinariya ko kaɗan. Duk matakan da ke tafe kariya ce daga waɗannan ukun.

Zaɓen sinadarin

Uku ne aka fi yawan amfani da su. Na farko shi ne wanda za ka ga an rubuta benzene-1,4-dithiol a jikin kwalbarsa, a taƙaice BDT, mai zobe ɗaya, nauyin mol ɗinsa (mol ma'auni ne na yawan ƙwayoyin sinadari) giram 142.2. Na biyu BPDT, mai zobe biyu a jere, giram 218.3. Na uku BDMT, wanda aka saka CH2, wato kabon ɗaya mai haidirojin biyu, tsakanin zoben da kowace salfa, giram 170.3.

BDT ne ya fi suna, amma shi ya fi taurin kai. Gajere ne, tsakanin salfarsa biyu bai wuce nanomita 0.64 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kuma maƙwabtansa ba su da isasshen jikin da za su tokare shi ya tsaya, don haka yakan karkace ko ya kwanta. BPDT ya fi tsayi, zobunan maƙwabta suna jingina da juna, shimfiɗarsa takan fi tsari. BDMT kuwa CH2 ɗin nan tana ba shi damar lanƙwasa wuya ya daidaita kansa, shi ya sa ya fi sauƙin tsayawa, amma ita dai CH2 ɗin tana rage wucewar wuta matuƙa. A awon da rukunin Nongjian Tao ya yi a 2004 a Arizona, BDT ya ninka BDMT wajen wuce da wuta kusan sau 20. Shawarata: in abin da kake so shi ne ƙugiyar maƙala wani abu a sama, fara da BDMT ko BPDT. Kada ka ɗauki BDT sai in tambayar bincikenka ta wutar lantarki ce kuma shi ɗin ake nufi.

Kwalbar da ta iso, ajiye ta a firji a rufe ruf. Ranar da za ka buɗe, fito da ita ka bar ta ta huce sanyi tukuna, in ba haka ba raɓa za ta sauka kan garin. In ka narka ka ga wani abu rawaya-rawaya ya ƙi narkewa yana yawo a ƙasan kwalba, oksijin ya riga ka, ƙwayoyin sun sarƙe da juna. Ko dai ka tace shi ta hanyar dumama shi a inda aka zuƙe iska ya tashi ya sake daskarewa a wuri mai sanyi, ko ka nemi sabo.

Kaya da kariya

Za ka buƙaci ƙananan kwalabe na gilashi masu murfi, gara masu launin ruwan ƙasa, da takardar aluminiyam, da hantsaki, da sikeli mai auna kashi goma na miligiram, da sirinji da dogayen allurai, da tukunyar naitirojin ko argon, da safar hannu da tabarau. Duk aikin a cikin akwatin zuƙe tururi ake yin sa. Warin tayol yana kama tufafi da fata, kuma hanci na jin sa ko da ɗan mitsitsi ne, maƙwabtanka na ɗakin gwaji ba za su yi maka godiya ba in ka buɗe kwalbar a kan tebur.

Tanadi roba ɗaya ta ruwan bilic tun kafin ka fara. Duk allura, cokali ko kwalbar da ta taɓa tayol, jefa ta ciki ta kwana. Bilic yana mai da tayol salfonet, warin ya mutu. Amma robar nan kada ta kusanci asid, domin haɗuwarsu iskar kulorin take fitarwa.

Akwai kuma abubuwan da ba a son su a kusa: aidin, da sinadaran sailen, da robar silikon ta PDMS. Dukkansu suna tashi a iska su sauka kan zinariya. Kwalaben ma a keɓe wa kowane tayol nasa, don gilashi yana riƙe saura.

Mataki na 1: tsabtace zinariya

Zinariyar da ake aiki da ita ba dunƙule ba ce. Siririn rufi ne mai kaurin nanomita 100 zuwa 200 da aka turara kan silikon ko gilashi, tare da ɗan taitaniyam ko kuromiyam kimanin nanomita 5 a ƙarƙashi don ya manne. In aikinka na hoton ƙwayoyi ne da na'urar STM, za ka so zinariyar da aka turara kan maika, wani ma'adini mai ɓarewa falle-falle, wadda ke ba da faffadan filaye sumul na fuskar da ake kira Au(111). Yanka ta gunduwa-gunduwa kamar santimita ɗaya, ka riƙa kama ta da hantsaki daga gefe kawai.

Mafi kyawun zinariya ita ce wadda ta fito daga injin turarawa yanzun nan, a tsoma ta kai tsaye. In ta kwana, sai an wanke. Hanya mafi aminci ita ce fitilar UV mai samar da ozon: minti 15 zuwa 20 a ciki, sannan a jiƙa ta cikin etanol zalla na wasu minti 15. Kada ka tsallake jiƙon nan. Ozon yana barin tsatsar oksijin a fuskar zinariya, etanol ne ke sauke ta, kuma in ka bar ta, ita za ta fara ƙona tayol ɗinka kafin ya zauna.

Hanya ta biyu ita ce ruwan firana: kashi 3 na asid ɗin salfurik mai ƙarfi da kashi 1 na haidirojin feroksaid mai ƙarfin kashi 30 cikin 100. Feroksaid ake zubawa a hankali cikin asid, a mazubin gilashi. Haɗin yana ɗaukar zafi da kansa har ya wuce digiri 100, yana cin fata nan take, kuma yana iya fashewa in ya haɗu da asiton ko etanol. Ba a toshe bakin kwalbarsa ko bayan an gama. Wanda bai taɓa haɗa shi ba kada ya fara shi kaɗai, kuma in akwai fitilar ozon ban ga dalilin ɗaukar wannan kasada ba. In ya zama dole, minti ɗaya zuwa biyu ya isa, don daɗewa yana kakkarce fuskar zinariyar. A ɗauraye da ruwa mai tsabtar gaske sau da yawa, sannan etanol, sannan a busar da naitirojin. Zinariyar kan maika ba a sa mata firana, ɓarewa za ta yi. Ita harshen wutar haidirojin ake gilma mata da sauri, a kai a kawo na kimanin rabin minti, a ɗaki mai duhu, har a ga ta ɗan yi ja-ja, sannan a bar ta ta huce ƙarƙashin naitirojin.

Gwajin tsabta ba ya cin ko kwabo. Ɗauki gunduwa ɗaya cikin waɗanda ka wanke ka ɗiga mata ruwa. In digon ya baje ya malale, ta tsabtata. In ya dunƙule ya tsaya, akwai maiƙo a kai. Zinariya mai tsabta cikin 'yan mintuna take kwasar datti daga iska, balle a lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko ta ina, don haka ka shirya ruwan tayol ɗinka tukuna, wankin zinariya ya zama abu na ƙarshe kafin tsomawa.

Mataki na 2: korar oksijin daga ruwan narkarwa

Nan ne aiki ke gyaruwa ko ya ɓaci, kuma nan ne aka fi yin ganganci, saboda ido ba ya ganin bambanci tsakanin etanol mai oksijin da wanda aka kore masa.

Da farko zaɓi ruwan. BDT da BDMT suna narkewa a etanol. BPDT ba ya narkewa sosai a cikinsa, sai a koma THF ko toluwin ko daikuloromiten. Etanol ɗin ya zama zalla mai inganci, domin ko ɗan burbushin tagulla a ciki yana dagula jeruwar ƙwayoyi. THF kuwa in ya daɗe a buɗe yakan tara feroksaid, wanda zai ƙona tayol tun a cikin kwalba, don haka a gwada shi ko a buɗe sabo. Daikuloromiten yana tafasa a digiri 40. Takardun bincike in sun ce zafin ɗaki, digiri 20 zuwa 25 suke nufi, ɗakin da ba na'urar sanyaya iska a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu kuwa yana iya kusantar inda wannan ruwa ke tafasa. A irin wannan yanayi toluwin ya fi kwanciyar hankali.

Zuba ruwan a kwalba mai murfin roba. Soka doguwar allura har ƙasa wadda naitirojin zai bi ya shiga, ka soka gajera a sama wadda iska za ta bi ta fita. Bar shi yana ɓulɓula a hankali minti 20 zuwa 30. In kana da layin zuƙe iska da naitirojin mai ruwa, daskarar da shi, ka zuƙe, ka narkar, har zagaye uku. Wannan ya fi fitar da oksijin. Ka kori oksijin daga ruwan da ya ninka abin da kake buƙata, domin da shi za ka yi ɗauraya daga baya. Mutane da dama sukan yi wahalar nan duka a kan ruwan jiƙo, sannan su ɗauraye da etanol ɗin kan tebur, kan nan na biyu da aka yi ta kāre wa ya haɗu da oksijin a minti na ƙarshe.

Mataki na 3: awo da haɗi

Ƙarfin da aka saba shi ne milimol 1 a lita, wato 1 mM. A mililita 10 hakan na nufin miligiram 1.4 na BDT, abin da yake da wuyar aunawa daidai. Gara ka haɗa mai ƙarfi ka tsinka: miligiram 14.2 na BDT, ko 17.0 na BDMT, ko 21.8 na BPDT a mililita 10 zai ba ka 10 mM. Ɗebi mililita 1 daga ciki da sirinji ka ƙara masa mililita 9 na ruwan da ka kore wa oksijin.

Ba don zinariyar na buƙatar wannan yawan ake zuba shi ba. Santimita ɗaya murabba'i na Au(111) ƙwayoyin tayol kimanin tiriliyan 460 yake ɗauka in ya cika maƙil, abin da ke cikin kwalbarka ya ninka haka fiye da sau dubu goma. Amfanin cunkoson shi ne ƙwayar da ta fara sauka ta kwanta ta sami masu ture ta su ɗaga kanta na biyu. In ka tsinka ruwan da yawa, kwantattu za su yi zamansu. In kuma ka cika ƙarfi, S–S zai yawaita. Tsakanin 0.5 da 1 mM wuri ne mai kyau na farawa. Ruwan na yau na yau ne, ba a ajiye shi don gobe.

Mataki na 4: tsomawa

Kowace gunduwa da kwalbarta, fuskar zinariya tana kallon sama, ruwa ya rufe ta sarai. Zaɓi kwalbar da ruwan zai kusa cika ta don iskar da ke sama ta zama kaɗan. Hura naitirojin a saman ruwan, ka rufe da sauri, ka naɗe bakin da Parafilm, ka lulluɓe kwalbar da takardar aluminiyam. Duhu wajibi ne, haske yana hanzarta ƙonewar salfa.

Tsawon lokaci fa? A tayol mai kai ɗaya amsar a bayyane take: mafi yawan fuskar kan rufu cikin 'yan mintuna, sauran awoyin na gyaran sahu ne, shi ya sa ake barin sa awa 18 zuwa 24. A daitayol kowace awa da ka ƙara tana gyara sahu, tana kuma ba oksijin ɗin da ya saura damar ɗora falle na biyu. Saboda haka a karon farko kada ka amince da lambar kowa. Jiƙa gunduwa uku, ka cire ɗaya bayan awa 1, ɗaya bayan awa 6, ɗaya bayan awa 24, ka auna kaurinsu. In kaurin ya hau ya tsaya, ka sami lokacinka. In yana ta hawa ba tsayawa, oksijin na shiga ta wani wuri.

Ga BDMT akwai wata hanya da masu bincike a Orsay ta Faransa suka nuna tana tsayar da ƙwayoyin: heksen da aka kore wa oksijin, a dumama zuwa digiri 60, cikin duhu, na kimanin rabin awa. Heksen yana tafasa a digiri 69 kuma yana kama wuta, don haka a bahon ruwan zafi ake dumama shi, nesa da harshen wuta.

In oksijin ya gagara: sa wa kan hula

Tun 1995 Tour da abokan aikinsa suka nuna cewa daitayol mai zoben benzin yana saurin tara falle a kan falle, suka kuma kawo mafita. A maimakon SH tsirara, sai a sayi ko a haɗa sinadarin da aka toshe kowace salfa da wani ɗan guntun sinadari mai suna asetil, kamar hula, wanda ake kira tayo'asitet. Shi ba ya damuwa da iska, yana ajiyuwa. Sai an zo tsomawa ake ɗiga ɗan alkali, wato kishiyar asid, a cikin kwalbar ya cire asetil ɗin a gaban zinariya. Su ruwan amoniya suka yi amfani da shi, 'yan ɗigo kaɗan.

Irin alkalin yana da tasiri. A 2011 wani rukuni a Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan ya gwada alkali daban-daban, ya samu cewa tirayitailamin, kashi 9 zuwa 15 cikin 100 a cikin THF, yana ba da shimfiɗa cikakkiya falle ɗaya, ta fi wadda alkali mai ƙarfi ke bayarwa. Hikimar ita ce a buɗe kawunan sannu a hankali, kada kwalba ta cika da salfa tsirara masu neman juna. In za ka yi aiki da dogayen daitayol masu zobe biyu ko uku, ni wannan hanyar zan nuna maka. Ka dai tuna wasu kawunan na sama za su iya fitowa da hularsu. Na'urar infrared za ta nuna alamar asetil kusa da 1700 cm⁻¹, sai ka cire ta da ɗan alkali dab da lokacin amfani.

Mataki na 5: ɗauraya da busarwa

Ciro gunduwar da hantsaki, ka riƙe ta a karkace, ka kwarara mata ruwan narkarwa mai tsabta na daƙiƙa 15. Ruwan ya gangaro daga zinariya zuwa hantsaki, kada dattin hantsakin ya bi ta kanta. Saka ta a sabon ruwa ka girgiza a bahon sauti na minti ɗaya zuwa biyu don ƙwayoyin da suka ɗafe kawai su sauka, ban da zinariyar kan maika wadda girgiza ke ɓare ta. Ƙara ɗauraya da etanol, ka busar da naitirojin. Daga nan agogo ya fara bugawa.

Mataki na 6: tabbatar da abin da ka samu

Da ido ba za ka ga komai ba, zinariyar tana nan yadda take. In ma ka ga hazo ko tabo, tuli ne ya taru, jefar da ita.

Fara da digon ruwa. A zinariya tsirara ya baje. Yanzu ya kamata ya tsaya da kusurwa wajen digiri 60 zuwa 75. Wannan yana gaya maka wani abu ya zauna, amma bai gaya maka a tsaye yake ko a kwance ba.

Sai kauri, da na'urar elifsomita. Dole ka auna zinariyar tsirara tukuna, daga rukunin da aka turara tare, in ba haka ba lambobin ba su da ma'ana. BDT a tsaye bai kai nanomita 1 ba, BPDT kuwa kimanin 1.1 ne. Rabin haka yana nuna kwanciya ko giɓi. Ninki biyu ko uku yana nuna S–S.

Alƙalin gaskiya shi ne XPS, na'urar da ke haska fuskar da hasken X-ray ta auna ƙarfin elektiron ɗin da suka fito da ma'aunin eV, domin ita ke bambance salfa da salfa. Daidaita ma'auninta da layin zinariya a 84.0 eV, sannan ka dubi yankin salfa, wanda ake rubutawa S 2p. Kowace irin salfa tagwayen tudu take bayarwa, tazararsu kimanin 1.2 eV, na farko ya ninka na biyu girma. Salfar da ta kama zinariya tana fitowa a 162 eV. Wadda ba ta kama ba, ko SH ce ko S–S, tana fitowa tsakanin 163.5 da 164. Wadda oksijin ya ƙone tana can wajen 168. Yanzu karatun ya zo da sauƙi. In ƙwayoyi na tsaye, za ka ga 162 da 163.5 kusan kai ɗaya, na saman ya ɗan fi, saboda siginar salfar ƙasa sai ta ratso jikin ƙwayar kafin ta fito. In 162 ne kaɗai, sun kwanta. In 163.5 ya rinjayi 162 nesa ba kusa ba, falle ya hau falle. In akwai tudu a 168, samfurin ya tsufa ko ya sha iska. Kada ka bar hasken na'urar ya daɗe a wuri ɗaya, shi ma yana karya ƙwayoyin ya ƙirƙiro tudun da babu shi tun asali.

Abin da XPS ba ta iya rabawa shi ne SH da S–S, tunda wuri ɗaya suke fitowa. Nan na'urar Raman, mai haska samfur da hasken lesa, ke shigowa: SH tana da alama kusa da 2560 cm⁻¹, S–S kuwa wajen 500 zuwa 540. A kan zinariya sumul siginar ba ta da ƙarfi, sai an sami ƙwayoyin zinariya ko fuska mai kaushi da za ta ƙara mata murya.

In samfurin sai ya yi tafiya kafin a auna shi, rufe shi a kwalbar da aka cika da naitirojin, a naɗe da aluminiyam, ka haɗa da gunduwar zinariya tsirara da ta bi duk matakan ban da tayol. Ita za ta nuna maka abin da hanya ta ƙara.

Mataki na 7: amfani da kan na biyu

Yi shi a ranar. SH da ke kallon sama ba ta jure zaman jira, ozon ɗin da ke cikin iskar gari ma kaɗai ya isa ya lalata shimfiɗar tayol.

Aikin da aka fi yi shi ne maƙala ƙwayoyin zinariya. Ana dafa su ta hanyar Turkevich ta 1951, gishirin zinariya da sitiret a ruwa mai tafasa, har ruwan ya koma ja kamar yaƙutu. Ƙwayoyin kan kai nanomita 15 zuwa 20, suna shan haske a wajen nanomita 520. Tsoma gunduwarka a ciki na 'yan awoyi cikin duhu, ka ɗauraye da ruwa, ka busar, ka duba da na'urar ɗaukar hoton ƙananan abubuwa, AFM ko SEM. Tare da ita ka tsoma wata gunduwar da aka shimfiɗa wa tayol mai kai ɗaya irin jikinsa, misali BPT a madadin BPDT. Ƙwayoyin zinariya sukan ɗafe a wurare ko babu ƙugiya, saboda haka bambancin da ke tsakanin gunduwoyin biyu shi ne hujjarka cewa kan na biyu ne ya yi aiki.

Wannan kwatancin BPT da BPDT ya taɓa ba da sakamako mai ban sha'awa. A 2015 rukunin Jeremy Baumberg na Jami'ar Cambridge ya ɗora ƙwayoyin zinariya a kan shimfiɗa mai kaurin nanomita 1.1, yana sauya BPT da BPDT kaɗan-kaɗan. Salfa ɗaya ce tak ta raba sinadaran biyu, amma da ta haɗa ƙwayar sama da zinariyar ƙasa wuta ta sami hanya, launin hasken da ƙwayar ke watsawa ya gusa da kimanin nanomita 50 zuwa ɓangaren shuɗi.

In ya ƙi tsayawa duk da haka

Akwai dabarar da ta samo asali daga aikin rukunin Paul Weiss a Jami'ar Jihar Pennsylvania a 1996. Ka fara shimfiɗa tayol mai kai ɗaya mai sarƙar kabon, 1 mM a etanol na awa 24, ya rufe fuskar. Shimfiɗar nan ba ta rasa 'yan giɓi a kan iyakokin sahu da gefen matakan zinariya. Ka ɗauraye, sannan ka tsoma ta cikin ruwan daitayol mai ƙarfin 0.1 zuwa 1 mM, daga 'yan mintuna zuwa 'yan awoyi gwargwadon yawan da kake so. Daitayol zai kutsa cikin giɓin nan ɗai-ɗai, kuma tunda babu filin kwanciya, dole ya tsaya. Ba za ka sami fuska cike da SH ba, amma kaɗan ɗin da ka samu a tsaye suke kuma nesa da juna, S–S ba ta samun abokin ɗauri. A hoton STM suna fitowa kamar ɗige-ɗige masu haske.

Ka lura da tsayin maƙwabtan da ka zaɓa. Sarƙa mai kabon 12 tana ba da kaurin kusan nanomita 1.5, za ta binne BPDT, ƙwayar zinariya ba za ta kai ga kansa ba. Mai kabon 8, wadda kaurinta ke wajen nanomita 1, ita ta dace da shi. BDT kuwa sai wadda ta fi wannan gajarta.